Bayan Muryar Inna

Dogon Dutsi, 9 ga Janairu, 2024

Zuwa ga ɗana Luƙman, a Lyon.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da sanyin ƙasar da kake. Mu nan lafiya lau. Matata Ma'u tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. Kamar kullum da biro na rubuta, na ɗauki hoton takardar na turo maka.

Saƙonka ya iso ta hannun Saminu direba. Na buɗe kwali na iske kaske na jin sauti, ƙato, mai nauyi kamar an kifa wa mutum akushi. Na gode, Allah ya yi maka albarka. Amma ni ba na ɓoye gaskiya don kunya. Na sa shi a salula, na ƙure ƙara, murya ta fito siririya kamar mai magana daga ƙasan rijiya. Na 'yan tebur na bakin tasha ya fi shi ƙara. Ni a aji uku na kolej na bar lakwal, amma shekara ashirin da bakwai ke nan ina gyaran rediyo da kayan sono na biki, kuma babu lasifikar da ta taɓa gagara ta a garin nan. Ina jin an cuce ka. Nasara ma yana sayar da jabu.

Sai maganar kaset. Ka ce in juye maka kaset ɗin da Inna, kakarka, ta ɗauki muryarta ta aiko mini Kwatano a 1997 lokacin ina koyon aiki, domin uwarka Hindatu ta ji. Amsata a'a ce, kuma ka girma, ya kamata ka san dalili. A cikin kaset ɗin Inna ta ce mini lafiyarta lau. Bayan kwana arba'in ta rasu. Yayata Hindatu tana gida ɗaya da ita, tana ganin ciwon da idonta, ba ta aiko mini ko da kalma ɗaya ba. Na iso an kwana tara da binne ta. Tun ranar ban sake taka gidan uwarka a Guéchémé ba. Ita ta samu watannin ƙarshe, ni na samu minti ashirin na kaset. Kowa ya riƙe rabonsa.

Kawunka,
Is'haƙa

*

Lyon, 21 ga Janairu

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Baba Ma'u. Ni lafiya, sai aiki a ɗakin ɗaukar sauti da ba ya ƙarewa.

Kawu, ba a cuce ni ba, laifina ne da ban yi maka bayani ba. Kasken nan ba abin da za a gane shi da ido a shago ba ne. Wanda ka saba buɗewa ƙaramar lasifika ce, naɗin waya a tsakiya yana tura ta. Wannan kuwa, nan ana ce masa planar. A cikinsa wata 'yar leda ce shimfiɗe, ta fi ɓawon albasa sirantaka, an zana mata hanyoyin wuta a jiki, an tsayar da ita tsakanin layukan mayen ƙarfe gaba da baya. In kuran, wato wutar lantarki, ya bi ta, duk fuskarta ce ke motsi lokaci ɗaya, kamar fatar ganga da aka ɗaure daidai. Shi ya sa ba ya ƙara wa sauti kitse, ba ya kuma rage masa. Ƙaramin motsi ma yana fitar da shi.

Sai dai yana da cin wuta. Sa shi a salula kamar ɗaura wa ɗan akuya amalanke ne. Ampuli yake so, na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, mai ƙarfin turawa, wanda kuma ba ya gurnani. Zan nemo maka ƙarami in aiko. Kafin nan don Allah kada ka haɗa shi kai tsaye da babban ampulin sono, ledar za ta yage. Ka kuma lura bayansa a buɗe yake: za ka riƙa jin waje, na kusa da kai su ma za su ji abin da kake ji.

Batun Mama, ba zan shiga tsakanin manya ba. Abin da na sani kawai, yanar ido ta rufe mata gani sosai tun bara. Ta ce mini fuskar uwarta ta ɓace mata, ko ta rufe ido ba ta zuwa. Muryar take so ta ji kafin ita ma ta ɓace. Don kaset ɗin na sayi kasken, ba zan ɓoye maka ba.

Ɗanka,
Luƙman

*

Dogon Dutsi, 18 ga Fabrairu

Luƙman,

Muna lafiya. Zafi ya fara leƙowa.

Na karanta inda ka ce ba abin da za a gane a shago ba ne. To, shagon nan da kake rainawa, shi ya gina gidan da ka sauka lokacin da kake karatun sakandare a lise. Riƙe ampulinka. Na yi nawa.

Daga rediyon wata tsohuwar mota na ciro shi. Na farko ya ƙone, ba zan yi maka ƙarya ba. Ampulin mota kowace lasifika da wayoyinta biyu, ba ya son a haɗa hagu da dama a ƙafa ɗaya, filogin kaske kuwa haka yake. Na san wannan tun ba a haife ka ba, gaggawa ce ta sa na manta. Sai hayaƙi. Na biyu na yanke filogin, na raba wayoyi huɗu, na sa rezistans a hanya don ƙarfin ya ragu. Kuran na gari yana sa shi gurnani kamar kare a ƙarƙashin gado, sai na ba shi batirin sola. Ya yi tsit.

Ranar Talata bayan azahar na rufe ƙofar ɗakin baya, na sa kaset ɗin Inna.

Na janye maganar jabu.

Da farko shuuu ɗin kaset ne, kamar ruwa a kwanon gidan maƙwabci. Sai ta yi sallama. Luƙman, ba cikin kunnena take ba. A gabana take, ɗan hagu kaɗan, zaune a ƙasa. Ina jin leɓenta na rabuwa kafin kalma ta fito. Ina jin awarwaronta biyu in ta ɗaga hannu. Tabarma tana ƙara in ta gyara zama. Can baya wani na daka, kuma ba ƙarar turmi kawai nake ji ba, har nauyin taɓarya yana sauka mini a muƙamuƙi. Na fi sau ɗari ina jin kaset ɗin nan a rediyo, ban taɓa sanin ana daka a ciki ba.

Wata kaza ta yi kuka kusa da ƙafata ta dama. Na kai ƙafa in kore ta. Ɗaki a rufe, babu kaza. Kazar da anka cinye tun zamanin da nake da gashi ita na kora.

Abin da ya fi damuna shi ne buɗaɗɗen bayan nan. Maƙwabtanmu su ma suna daka a wannan lokaci. Sai turmin yau da na wancan zamani su haɗu, in kasa raba su. In na cire kasken ɗaya ya tsaya, ɗaya ya ci gaba, kuma ba kullum nake cin wanda zai tsaya ba.

Ma'u ta kawo mini fura, ta ji tsohuwa tana gaisuwa a ɗakin da ta san ni kaɗai ne. Ta tsaya bakin ƙofa tana karanta Ayatul Kursiyyu. Da na buɗe ta ce, “Malam, wa ka shigo da ita?” Na ce surukarki ce, ki gaishe ta. Ba ta yi dariya ba. Ta ce gwaggonta ta Sukukutane takan ce doguwa ba ta shiga gida sai an yi mata wurin zama, ni kuma na yi mata har da batiri. Na ce mata wannan ilimi ne, ba bori ba. Amma furar ban sha ba.

Akwai wani abu. Idi mai rediyo, wanda ya ɗauki muryar Inna a wancan lokaci, bai kashe na'ura ba bayan ta yi ban kwana. Saura kamar minti shida. A rediyo shuuu kawai nake ji a nan, sai in kashe. Da wannan abu naka, akwai mutane a ciki, nesa da na'urar. Ban saurara ba tukuna. Aiki ya yi mini yawa, akwai suna biyu da taron makaranta.

Maganar juyewa tana nan yadda na faɗa.

Is'haƙa

*

Lyon, 24 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da salla, ko da ta wuce. Wata biyu ke nan ban ga rubutunka ba. Na turo takarda biyu, na ga alamar ka buɗe. Na kira Baba Ma'u, ta ce lafiyarka lau, kana zuwa aiki, amma ka sa kwaɗo a ɗakin baya kuma ba ka son a tambaye ka.

Idan maganar shago ce, ka yafe mini. Ba raini ba ne. Nufina cikin kasken ba ya ganuwa daga waje. Na nuna wa abokin aikina Hervé yadda ka raba wayoyi huɗu, ya ce mutumin da ya yi wannan da rediyon mota ba ya bukatar ampulin kowa.

Akwai abin da na manta in faɗa tun farko, yana ta cin raina. Mayen ƙarfen da ke cikin kasken nan ba irin na ƙananan kaske ba ne. Layi-layi ne, masu ƙarfi ƙwarai, a kowane kunne. Kada ka ajiye shi kusa da kaset. Na san ka fi ni sanin abin da mayen ƙarfe ke yi wa zare, tunatarwa ce kawai.

Mama ta tambaye ni ko ka amsa. Na ce mata tukuna.

Me ka ji a minti shidan nan, Kawu?

Luƙman

*

Dogon Dutsi, 12 ga Mayu

Ɗana Luƙman,

Lafiyar jiki muna da ita. Ba maganar shago ba ce. Takardarka ta zo a makare, kuma ba laifinka ba ne.

Na saurara kwana uku bayan takardata ta ƙarshe, da hantsi. Na ƙara wa ampuli ƙarfi har shuuu ɗin ya zama kamar iskar gaban hadari. A ƙarƙashinsa dakan nan ya tsaya. Sai takun ƙafa ya zo daga dama. Sai muryar mace matashiya, wadda na yi shekara ashirin da bakwai ban ji ba. Uwarka ce ke dakan.

Ta ce, “Inna, ba ki gaya masa ba.”

Inna ta ce, “Me zan gaya masa?”

“Jinin da kika tofar da safe. Ni zan sa malamin lakwal ya rubuta masa.”

Inna ta ce, “In kika rubuta masa, ban yafe miki nonona ba. Saura wata huɗu ubangidansa ya sallame shi. In ya taho yanzu, jaki zai kora har ya tsufa.”

Hindatu ta ce, “Zai ƙi ni, Inna.”

Inna ta ce, “Ya ƙi ki yana da sana'a.”

Sai tari. Dogo, irin wanda ke fitowa daga ƙasan ƙirji. Ka ce abin nan ba ya ƙari ba ya ragi. Gaskiyarka. Duk ya ba ni, har yadda take neman numfashi tsakanin tari da tari. Daga nan zare ya ƙare.

Na fitar da kaset na ajiye a tebur. Na cire kasken na ɗora a kai. Ban san na yi ba. Ni da nake korar masu kawo gyara in sun ajiye kaset kusa da lasifika, ni na kifa masa mayen ƙarfe da hannuna, don a kaina kaske abin kunne ne, ba lasifika ba. Na fita na sa kwaɗo. Ban koma ba sai ranar da takardarka ta zo.

Yanzu muryar Inna tana zuwa tana tafiya. Ta yi kalma uku a gabana, sai ta ja baya kamar an kira ta daga wani ɗaki, sai ta dawo. Kowane juyi na zare haka. Minti shidan ƙarshe kuwa, da ma da ƙyar suke, sun nutse. Na ƙure ampuli har ya yi zafi. Shuuu kawai, sai wani abu can ƙasa mai kama da tari.

Ka ga inda nake. Babu wanda ya ji sai ni. Idi ya rasu tuntuni. In na yi shiru, ni ne dai wanda anka zalunta, kamar yadda garin nan duka ya sani, don babu wanda ban gaya wa ba. Kwana goma sha takwas ina ce wa kaina Allah ne ya rufa mini asiri. Amma ko ba kasken a kaina, in maƙwabta sunka fara daka, jira nake ya tsaya in ji takun ƙafa daga dama.

Ku da ke da manyan na'urori, akwai wadda ke dawo da abin da mayen ƙarfe ya shafe? Ka faɗa mini gaskiya. Ban san wace amsa nake so ba.

Kawunka

*

Lyon, 13 ga Mayu

Kawu,

Babu. Na tambayi waɗanda suka fi ni. Inda ya raunana ana iya ɗaga shi kaɗan, inda ya nutse ya tafi.

Ba zan gaya wa Mama abin da ka rubuta ba. Ba daga bakina ya kamata ta ji ba. Amma ka sani, tun ina yaro in an ambaci sunanka cewa take, “Yana da dalilinsa.” Ba ta taɓa ƙara ko kalma a kai ba.

Luƙman

*

Dogon Dutsi, 16 ga Yuni

Luƙman,

Muna lafiya. An yi ruwan shuka, mutane duk suna gona. Uwarka tana gaishe ka. Ka karanta daidai.

Ranar Alhamis na ɗaure ampuli da batiri da rediyo a bayan moto, kasken a jaka dabam, kaset a aljihun gaba. Rairayi ya kayar da ni sau ɗaya. Na isa Guéchémé kafin azahar, na yi tambaya sau biyu kafin in gane gidan, don an sake ƙofa.

Tana zaune a rumfa tana ɓarar gyaɗar iri da hannu, ba ta kallon abin da take yi. Na yi sallama. Ta amsa, ta ce wane ne. Na ce ni ne. Ta ce ni wa. Na ce Is'haƙa.

Ta ce, “Is'haƙan da na sani yaro ne. Wannan muryar tsoho ce.”

Ta sa anka shimfiɗa mini tabarma, anka kawo ruwa. Munka gaisa kamar jiya munka rabu, ta tambayi Ma'u, ta tambayi aiki. Ni kuwa na shiga haɗa wayoyi, don hannuna ya samu abin yi. Na ɗora mata kasken. Ta ce wannan wane irin gammo ne. Na kunna.

Ba ta motsa ba. Hannunta ya tsaya cikin gyaɗa. Ina jin Inna tana fitowa ta bayan kasken, tana zuwa tana tafiya. Da muryar ta ja baya sai Hindatu ta karkata kai ta bi ta. Ta yi kamar minti biyar, ta cire da kanta.

Ta ce, “Ka lalata ta, mai gyara.”

Na ce na lalata. Na ce amma kafin nan na ji abin da ke ƙarshe, na fara maimaita mata. Ta ɗaga hannu ta ce, “Ni ina wurin.”

Ban taɓa durƙusa wa kowa ba tun da ubangidana ya sallame ni. Abin da na faɗa mata tsakanina da ita ne, ba na rubutawa ba ne. Ta bar ni na gama, ba ta taimake ni da kalma ɗaya ba. Sannan ta lalubo kaina, ta ce ashe har sanƙo na yi, ta ce in tashi in taya ta ɓara tunda na zo.

Muna ɓara ta ce, “Ka san sau uku anka ɗauka?”

Na ce ban sani ba.

Ta ce wanda ke hannuna na uku ne. Na biyu tari ya shiga, Inna ta sa Idi ya mayar da zare ya ɗauka a kai. Na farko kuwa ba tari ne ya ɓata shi ba. Inna ta yi gaisuwa, ta faɗi abu ɗaya, sannan ta ce wa Idi ya shafe.

Na ce me ta faɗa.

Luƙman, uwarka ta kai shekarun da Inna ta rasu a kai, haƙoranta na gaba sun zube kamar nata. Ban lura muryarsu ta zama ɗaya ba sai a wannan lokaci. Tana zaune a gabana, ɗan hagu kaɗan, a ƙasa. Ta juyo da idon nan da ba ya gani ta ce, “Auta, ka zo gida.”

Na kwana biyu a can. Juma'a mai zuwa zan koma, akwai rufin ɗakinta da ke yoyo.

Kawunka,
Is'haƙa